Darasi a Kan Haske: Ƙyallin Ruwa da Baƙin Tabarau

Kowa ya san yadda ƙyallin rana a bisa ruwa ya ke kashe ido. Masunci ba ya iya hangen kifi, direba kuma ya kan wahala in kwalta ta jiƙe. Akwai irin tabarau da ke maganin wannan. Yau za mu koyi dalilinsa.

Mu fara da igiya. Ka ɗaure bakinta guda a jikin itace, ka riƙe ɗaya bakin. Kaɗa hannunka sama da ƙasa. Za ka ga igiyar tana tashi tana sauka, motsin yana gudu har jikin itacen. Wannan ita ce kaɗawar tsaye. Sa'an nan kaɗa dama da hagu. Wannan kuwa kaɗawar kwance ce.

Yanzu ka kafa dogayen turaku biyu dab da juna, igiyar ta ratsa tsakaninsu. In ka yi kaɗawar tsaye, sai ta wuce. In ka yi ta kwance, turakun za su tare ta.

To, haske ma da kaɗawa ya ke tafiya, amma ido ba ya ganin kaɗawar. Hasken da ke zuwa daga rana yana kaɗawa ta kowace fuska: tsaye, da kwance, da karkace. Amma sa'ad da ya faɗa kan ruwa a karkace ya dawo, galibin abin da ya dawo mai kaɗawar kwance ne. Shi ne ƙyallin da ke damunmu. Wani masani Bafaranshe, Malus, shi ya gano haka a 1808, yana duban hasken da ke dawowa daga gilashin tagogin wata fada a birnin Paris.

A 1929 wani saurayi a Amurka, Edwin Land, ya ƙirƙiro wata roba shara-shara mai aiki kamar turakun nan. Tana barin kaɗawa iri guda ta wuce, ta tare wadda ta gitta mata. Ita a ke sa wa tabarau, a daidaita ta yadda za ta tare kaɗawar kwance. Da haka ƙyalli ya kan ragu ƙwarai, har masunci ya ga abin da ke cikin ruwa.

Amma ku lura, ba kowane baƙin tabarau ke da wannan roba ba. Waɗansu rini kawai a ka yi musu. Kafin ka ba da kuɗinka, ka gwada. Riƙe tabarau a gabanka, ka dubi ruwa mai ƙyalli ta cikinsa. Juya shi sannu sannu har ya tsaya a tsaye. In na ƙwarai ne, ƙyallin zai dawo. In babu abin da ya sake, rini ne kurum.

Ga gargaɗi. Kada ka dubi tsakiyar rana da wannan tabarau, ko da lokacin husufi ne. Ba ya tsare ido daga wannan, ido kuwa ba shi da madadi.

Wani abin mamaki, ƙudan zuma yana gane wannan kaɗawa ba tare da tabarau ba. Hasken shuɗin sama yana da tsarin kaɗawa da ke nuna inda rana ta ke. A 1949 wani masani mutumin Ostiriya, Karl von Frisch, ya nuna da shi ƙudan zuma ke gane hanya in girgije ya rufe rana, muddin akwai ɗan shuɗin sama a buɗe.

Tambayoyi

1. Wace kaɗawa ce ke wucewa tsakanin turakun?
2. Ƙyallin ruwa wace irin kaɗawa ya fi yi?
3. Yaya za ka gane tabarau na ƙwarai a kasuwa?
4. Rubuta waɗannan a littafinka: haske, igiya, ƙyalli, tabarau.