Littafin Itatuwa Don Yaran Tsibiri

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tsibiri. Ina son haɗa ɗan littafin da zai koya wa yara sanin itatuwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, fara shiga gonaki tare da dattawa da makiyaya, su suka san sunaye. Kowane itace ka ba shi shafinsa: ganye, ɓawo, amfani. Gawo dai ya cancanci shafi biyu. Da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani awaki su ci 'ya'yansa. Sa zogalen garin Jiratawa ma a cikin littafin. Tumfafiya kuwa, yi mata jar alama, nononta yana cutar da ido. Sunayen kimiyya, malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su duba maka.