Fasahar da ba a nufa ba: Nazarin rubutun hannu a allon lokutan salla

Masu nazarin rubutun hannu a ƙasar Hausa sun fi karkata ga Alƙur'anai masu zayyana da littattafan malamai, irin waɗanda ake adanawa a Gidan Arewa da ke Kaduna. Akwai kuma wani rubutun da ba a cika waiwayarsa ba, wato jadawalin lokutan salla da ladani ko wani almajiri kan rubuta da alli a baƙin allo a bangon masallacin unguwa.

Mai wannan rubutu ba ado ya nufa ba, sanarwa kawai yake yi. Amma hannun da ya horu a makarantar allo ba ya ɓoyuwa. Inda aka rubuta sunayen sallolin da haruffan Larabci, sau da yawa akan ga salon Magaribi da aka gada tare da ƙira'ar Warshu: "fa" mai ɗigo a ƙasa, haruffa masu kauri, da wutsiyar harafi da ke lanƙwasa ƙasan layi. Kaurin nan daga fiƙar alƙalamin kara ya samo asali. Alli ba shi da fiƙa, duk da haka marubucin kan kwantar da shi domin ya fitar da kaurin da idonsa ya saba gani.

Abin da ya fi jan hankali shi ne shafewa. Sunayen salloli biyar suna nan daram, lambobi ne ke sauyawa, kuma ba daidai suke sauyawa ba. Masallatai da yawa kan tsayar da Azahar da La'asar a lokaci guda na tsawon watanni, amma Magariba dole ta bi rana. A Kano faɗuwar rana kan gusa da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli. Saboda haka gurbin Magariba da na Asuba kan yi fari-fari don yawan goga, har akan hango inuwar tsohuwar lamba a ƙarƙashin sabuwa. Allon ya zana tafiyar shekara ke nan ba tare da kowa ya shirya hakan ba.

Ɗalibin da zai yi wannan nazari sai ya riƙa ɗaukar hoton allo ɗaya kowane mako, ya tambayi wanda ya rubuta da makarantar da ya yi. Ya kamata kuma ya hanzarta, domin agogunan lantarki masu nuna lokutan salla suna maye gurbin allunan a masallatan birane, kuma allon da aka sauke ba safai ake ajiye shi ba.