Nemi Wanda Zai Iya Ce Maka A'a

Da yawa daga cikinmu muna zuwa neman shawara ne bayan mun gama yanke hukunci a zuciya. An kai kayan gaisuwa gidan yarinya, ko an biya rabin kuɗin fili, ko an miƙa takardar barin aiki, sannan a je wurin fasto a ce, "Baba, ka sa mana albarka." Mai yin haka amin yake nema, kuma duk wanda ya ƙi ba shi ita sai ya zama maƙiyi.

Rehobowam ɗan Sulemanu ya yi irin wannan, labarin yana cikin 1 Sarakuna sura 12. Jama'a sun same shi a Shekem suna roƙo ya sassauta aikin tilas da mahaifinsa ya ɗora musu. Ya ce su ba shi kwana 3. Ya fara da dattawan da suka yi wa mahaifinsa hidima, suka ce ya saukar da kai ya amsa wa jama'a da taushi. Maganar ba ta yi masa daɗi ba, sai ya koma wurin abokan da suka tashi tare, su kuwa suka zuga shi ya ƙara tsanantawa. Da ya bi shawararsu, kabilu 10 suka ɓalle, mulkin ya tsage biyu. Ku lura, shekararsa 41 a lokacin, don haka ba za a ce yarinta ce ta ja shi ba. Ya samu shawarar kirki tun farko, ya yi ta yawo da tambayarsa har ya dace da amsar da ransa ke so.

To, ɗan'uwa, ka fara da durƙusawa tun kafin ka sa hannu a kan komai. Wasiƙar Yaƙub sura 1 ta tabbatar mana cewa Allah yana ba da hikima ga mai roƙo, ba ya gori. Amma ka roƙa da zuciyar da ta shirya jin amsar da ba ta so. Ka kuma riƙa karanta littafin Karin Magana. Sura 31 gare shi, sura ɗaya kowace rana ta kai ka ƙarshen wata.

Daga nan ka zaɓi mutum biyu ko uku, ba unguwa duka ba. Ka nemi mai tsoron Allah wanda ka ga yadda yake tafiyar da gidansa, mai riƙe asiri, wanda ba ya cin abinci a hannunka, domin wanda kake ciyarwa da wuya ya iya kallon idonka ya ce ka yi kuskure. In maganar bashi ce ko kasuwanci, a cikinsu a samu wanda ya san harkar. Dattijon ikkilisiya mai yawan addu'a ba lallai ne ya san takardun fili ba. 'Yar'uwa, ke ma akwai iyaye a zumuntar mata da suka ga jiya suka ga yau, ki neme su tun magana ba ta lalace ba.

In ka zauna da su, ka faɗi labarin duka, har da wurin da laifinka yake. Sannan ka yi shiru. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa: mutum bai rufe baki ba mun fara kare kanmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka yi godiya, ka tafi da maganar gida, ka kwana a kanta.

Kada kuma ka raina bakin da gaskiya ta fito. Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, ya juya cikin fushi don an ce ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun, barorinsa ne suka lallashe shi, ya warke daga kuturta. Musa ma, duk da Allah na magana da shi, ya karɓi gyaran surukinsa Yetro ya raba aikin shari'a. Watakila taka gaskiyar tana bakin matarka ne, ko ɗanka, ko yaron shagonka.

Wannan ba ya nufin kowace shawara abin bi ce. Wadda ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki, ko ta tura ka ramuwa, ƙarya ko cin haƙƙin wani, ka ajiye ta cikin ladabi, ko da babba ne ya bayar. Amma in mutum uku masu tsoron Allah, da ba su haɗa baki ba, sun ce ka dakata, ina roƙonka ka dakata. In kana da wata babbar magana a gabanka yanzu, kada Lahadin nan ta wuce ba ka kai ta gaban wani dattijo ba.