Muƙamuƙi da Awartaki: Darasi Daga Mayankar Agege

Duk wanda ya shiga mayankar Oko-Oba da ke Agege, a Jihar Ikko, inda mahauta Hausawa da yawa ke neman abincinsu, zai iya ɗaukar kan sa ya duba. Zai tarar muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai ke motsi, na sama kuwa haɗe yake da ƙoƙon kai. Haka abin yake ga ɗan Adam. Gaɓar da ke haɗa su tana gaban kunne, ita ce kamar ƙusar da ke tsakiyar awartakin maƙeri.

Ya kai mai karatu, ɗora yatsa a kumatunka, ka cije haƙora. Abin da ka ji ya kumburo, tsokar rufe baki ce. Akwai wata kuma a gefen kai, bisa kunne. Maƙeri yana samun ƙarfi daga tsawon hannun awartaki, amma tsokar baki kusa da gaɓa take ja, saboda haka dole ta zama mai kauri. Ka'ida ɗaya ce dai ta haɗa su, watau ƙarfi ya fi yawa kusa da mahaɗa. Shi ya sa mai gyaran lantarki kan tura waya can cikin filaya, mai cin goro kuma kan fasa shi da turame.

Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, muƙamuƙinta gefe da gefe yake tafiya kamar dutsen niƙa. Na kare kuwa sama da ƙasa, tamkar almakashi. A 2012 masana daga Amurka sun bayyana cewa sun auna cizon wani babban kada, ya wuce nauyin tan ɗaya da rabi. Amma tsokar buɗe bakinsa ba ta da ƙarfi, har igiya ma tana iya hana shi buɗewa.

Akwai rufewar baki da ke kisa, ita ce cutar sarƙewar haƙora. Ƙwayoyinta suna zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, suna shiga ta yankan wuƙa, ko sukar ƙusa, ko cibiyar jariri da aka yanke da reza marar tsabta. Galibi bayan kwana 3 zuwa 21 sai dafinsu ya sandarar da tsokar muƙamuƙi, daga nan wuya da baya su bi. Ba aikin iskoki ba ne, kuma ɗura cokali tsakanin haƙora ba ya buɗe su, sai dai ya karya.

Lalle ne mahauci da ɗan dako su wanke kowane rauni nan take da ruwa da sabulu, kada su cusa masa ƙasa ko toka, sa'an nan su nemi allurar rigakafi a asibiti mafi kusa. Mai ciki ma ta karɓi tata a wurin awo, domin tana kare jaririnta a makonnin farko. Wanda ya ji bakinsa ya fara ƙin buɗuwa bayan rauni, a kai shi asibiti a ranar.