Jinjiri Mai Tsagaggen Leɓe a Ƙasar Daura: Tsakanin Askar Wanzami da Ɗakin Tiyata

Gabatarwa

A da, ba a sanin halittar ɗa sai ranar da ya faɗo hannun ungozoma. A yau kuwa, na'urar hoton ciki kan nuna tsagewar leɓe tun ciki yana tsakanin mako 18 da 22. Watau ke nan, magidanci a Kongolam, garin kan iyaka da ke arewa da Daura bisa hanyar Damagaram, yana iya samun labari wata huɗu kafin haihuwa. Manufar wannan maƙala ita ce duba shawarwari uku da ke gaban irin wannan gida.

Asalin Lalurar

Leɓen ɗan tayi yana haɗewa tsakanin mako na 4 da na 7, ganɗa kuma takan kammala kafin mako na 13. Idan haɗewar ba ta cika ba, sai a haifi ɗa da tsaga a leɓe, ko a ganɗa, ko duka biyu. An ƙiyasta cewa hakan na samun jinjiri 1 cikin kimanin 700 a duniya. Gado da shan taba da wasu magungunan farfaɗiya suna cikin abubuwan da ke jawo ta. Bahaushe kan ɗauke ta a matsayin ikon Allah, wasu kuma su danganta ta da iska, su zargi mai ciki da fita da almuru. Alhali sau da yawa leɓen ya riga ya tsage tun kafin matar ta tabbatar da cikin.

Wurin Haihuwa

Bisa al'ada, mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a ɗaki. To, amma hoton ciki bai cika nuna ganɗa ba, sai an haihu ake dubawa. Jinjirin da ganɗarsa ta tsage ba ya iya zuƙo nono sosai, abin da ya sha kuma yakan dawo ta hanci, har ya rame. Saboda haka ya kyautu a haihu a asibiti, kamar Babban Asibitin Daura, inda za a duba bakinsa, a koya wa maijego tatso nono da ba shi da cokali ko kofi yana a zaune.

Batun Wanzami

A gidaje da yawa wanzami kan cire wa jinjiri beli cikin makon haihuwa. Beli dai shi ne ƙarshen hanɗa, kuma idan akwai tsaga yakan rabu gida biyu. Wannan tsokar tana cikin abin da likita zai ɗinke daga baya. Yanke ta na iya jawo zubar jini da ruɓewa, ya kuma ƙara wa likita aiki. Wanzami na iya yin askin suna, amma kada askarsa ta shiga bakin yaron. Tilas a shawo kan kakanni tun kafin haihuwa, domin galibi su ne masu kiran wanzami.

Lokacin Tiyata da Wurinta

Akan ɗinke leɓe tsakanin wata 3 da 6, idan yaron ya kai kilo 4.5 kuma yana da isasshen jini. Ganɗa kuwa sai tsakanin wata 9 da 18. Wasu iyayen da zarar fuska ta gyaru ba sa komawa. Ɗalibin ilmin furuci ya san illar wannan: hanɗa ce ke toshe kafar hanci yayin furta baƙaƙe irin su /b/ da /d/ da /k/. Idan ba ta toshe ba, iska ta bi ta hanci, sai "baba" ya yi kama da "mama". Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin na ƙwararru ne, sai manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin irin wannan tiyata kyauta a wasu asibitocin Nijeriya. Ya kamata uba ya tambaya ko asibitin zai yi aikin biyu duka, da kuma ko akwai mai duba ji da magana, domin irin waɗannan yara na yawan ciwon kunne.

Kammalawa

A taƙaice, amfanin sanin lalurar tun cikin ciki shi ne samun lokacin shiri: a zaɓi wurin haihuwa, a kare beli, a tanadi kuɗin mota zuwa Kano fiye da sau ɗaya. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani. Gidan da ya yi haka, da yardar Allah ɗansa zai shiga makaranta yana magana kamar tsararrakinsa.