Ɗaukewar Ruwa da Wuri: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Ruwan damina a Nijeriya yana zuwa ne tare da iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atilantika. Iskar takan riski Ikko tun cikin Maris, amma ba ta isa Sakkwato da Katsina da Maiduguri sai wajen Yuni, kuma takan ja da baya a ƙarshen Satumba. Saboda haka daminar can arewa ba ta cika wuce wata huɗu ba. In ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, sai manomi ya tashi da kara babu tsaba.

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Bayansu ruwa ya ɗan dawo, amma bai zauna bisa ƙa'ida ɗaya ba. Wata shekara ya yi latti, wata kuma ya zo da ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Masana sun tabbatar cewa zafin duniya ya ƙaru, shi ya sa lissafin kaka da kakanni ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Don haka ana jan hankalin manoma su saurari hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara. Su nemi irin gero da wake mai saurin nuna wurin malaman gona. Kada su yi shuka sai ƙasa ta jiƙa sosai, su kuma zuba taki domin ya riƙe laima. Da sanyin safiya ake kama fara.