Motata Na Karkarwa Da Asuba, Hita Kuma Ba Ta Ɗumi

Wani mai sauraronmu daga Jos ya ce ya sayi mota 'yar Kwatano, amma tun shigowar hunturu, da ya tayar da ita da asuba sai ta kama karkarwa, hita kuma iska mai sanyi take hurowa.

To Malam, sannu da haƙuri. Fara duba allurar zafin inji. Idan ka yi tafiyar minti 15 ba ta kai tsakiya ba, mai yiwuwa an cire tamostat, ɗan murfin da ke tsare ruwa cikin inji har ya kai zafin digiri 80 zuwa 90 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Makanikanmu da dama kan cire shi don gudun zafin rani. Inji kuwa in bai ɗumama ba, sai ya yi ta shan fetur, hita kuma ba ta da zafin ɗauka, don da ruwan injin take aiki. A mayar da tamostat ɗin, don Allah.

In allura ta hau amma hita shiru, duba ruwan lagireto bayan inji ya huce, kar ka buɗe shi da zafi. Wani lokacin ma an yanke tiyon hitar ne saboda yoyo.

Karkarwar da ke tafiya bayan ɗumi, a duba filogi da kwal. Wadda ke ƙaruwa in ka sa giya ka taka birki, mai yiwuwa robobin da inji ke zaune a kai ne suka mutu. Amma in ruwa na raguwa, ga farin hayaƙi mai kauri a salansa, ajiye motar ka kira makanike, gasket ce ake zargi.